Ina ƙungiyar matasan Zango za ta samu tallafin karatu da rubutu?

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi, ƙasar Gana. Ta ce su matasa ne maza da mata, suna koya wa yaran unguwa karatu da yamma a wani ɗaki da aka ba su aro. Ita kanta ta rubuta gajerun labarai da Hausa tana son ta buga, wani a cikinsu kuma yana da akwatin takardun kakansa na ajami da Larabci, gara ta fara taɓa su. Ba su yi rajista ba, ɗan abin da jama'a ke taimaka musu da shi ta Momo ɗin ma'ajinsu yake shigowa, wato asusun kuɗinsa na waya. Tana son ta san inda ake samun tallafi, da inda ya kamata su fara.

Ƙanwata, sannunku da ƙoƙari, Allah ya saka muku da alheri.

Tambayarki ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a cikinta, kuma masu ba da kuɗi ba sa haɗa su. Akwai kuɗin da ake ba marubuci da sunansa shi kaɗai. Akwai wanda ake ba ƙungiya don aikin jama'a, irin darasinku na yamma. Akwai kuma na ceto kayan tarihi, inda akwatin nan ya faɗa. Duk wanda ya cusa ukun a takarda ɗaya ya aika wa kowa da kowa, to a shafin farko za a ajiye ta, domin mai dubawa yana da ma'auni ɗaya ne a gabansa, na abin da gidansu ke ba da kuɗi a kai.

Sannan ki san matsayin Hausa a Gana, don shi zai nuna miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa da wadda za ki wuce. Hausa ce harshen ciniki da wa'azi a Zango, daga Nima har Bawku, gidan rediyon gwamnati ma ya daɗe yana labarai da ita. Amma Bureau of Ghana Languages, hukumar da aka kafa tun 1951 don buga littattafai da harsunan gida, da harsuna 11 aka san ta: Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Ewe, Ga, Dangme, Nzema, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa. Ba ta cikin darussan firamaren gwamnati, ba a zana ta a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Littafin da makaranta ba za ta saya ba kuwa, kamfanin ɗab'i ba ya zuba kuɗinsa a kai. A waje kuma, yawancin manyan kyaututtukan adabi da Turanci ake shiga. Saboda haka a wurare da dama Hausarki za ta zame miki cikas, gara ki sani tun yanzu. Amma akwai wasu wuraren, ba su da yawa, da ita ce jarinki, kuma ba ki da abokan takara sosai a can. Nan nake son ku fi ba da ƙarfi.

Mu fara da ke, marubuciya. Gasar da aka yi don irinki ita ce Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata zalla, ta gajeren labari da Hausa. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ke kayar da 'yan Zango a irin wannan gasa shi ne ƙa'idar rubutu. Hausarmu ta nan ta saki bambancin namiji da mace a wurare da yawa, mun cika ta da kalmomin Twi da Turanci, alƙalai kuwa daidaitacciyar Hausa suke dubawa. Shawarata, muryar mai ba da labari ta bi ƙa'ida tsaf, amma ki bar mutanen cikin labarin su yi magana yadda ake yi a Alabar da Yelwa. Wannan zaƙin ne babu shi a hannun marubutan Kano da Zariya, kada ki goge shi don kunya.

Gasar gajeren labari ta ƙasashen Commonwealth ma kyauta ake shiga. Ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba, labarin da ba a taɓa bugawa ba, kalmomi 2,000 zuwa 5,000. Zakaran kowane yanki yana samun fam 2,500, na gaba ɗaya fam 5,000. Hausa ba ta cikin harsunan da suke karɓa kai tsaye, amma suna karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci daga kowane harshe, kuma idan ya ci ana ba mai fassarar nasa kason. Ke nan ba lallai ki daina rubutu da Hausa ba, abokin aiki kike buƙata mai Turanci mai daɗi, ba mai Turancin takardar ofis ba. Kyautar Caine fam 10,000 ce, sai dai ba marubuci ke tura labarinsa ba, wanda ya buga shi ne ke turawa, don haka sai labarin ya fara fita a mujalla ko littafi.

Mafi tsoka a wannan layi shi ne tallafin gidauniyar Miles Morland ga marubutan da aka haifa a Afirka ko iyayensu biyu haifaffun Afirka ne. Fam 18,000 ne, ana biya wata-wata har shekara, don mutum ya zauna ya rubuta littafi. Sharaɗinsa ba wasa ba ne: kowane wata sai ka miƙa sababbin kalmomi 10,000, da Turanci, kuma kafin ka nema sai kana da aikin da aka riga aka buga aka sa a kasuwa. Suna kuma roƙon a mayar musu da kashi 20 cikin 100 na abin da littafin ya kawo daga baya, amana ce ba ta kotu ba. Na ambace shi ne don wani dalili. Ayesha Harruna Attah, 'yar Gana wadda ta rubuta The Hundred Wells of Salaga, ta samu wannan tallafi a 2016, kuma abin da ta nema a kansa tarihin goro ne. Goro fa, ƙanwata, abin da ya kawo kakanninmu Gonja da ƙasar Tonawa, wato Asante, tun farko. Mohammed Naseehu Ali, ɗan Zangon Kumasi, da labaran layin Zango ya fito duniya a 2005. Abin da muke gani kullum har muka raina shi ne wasu ke neman wanda zai rubuta musu.

Akwai kuma Prince Claus Fund ta ƙasar Holan, mai zaɓen matasa 100 masu fasaha a shekara ta ba kowanne yuro 5,000, ga waɗanda ke shekarun farko na sana'arsu, marubuta na ciki. Wannan ba ya neman rajistar ƙungiya, aikinki kawai za a duba. African Culture Fund da ke Bamako tun 2018 takan yi kira lokaci-lokaci, Art Moves Africa kuma kuɗin tafiya take bayarwa tsakanin ƙasashen Afirka, idan an gayyace ki taro ko bita. Duk waɗannan sukan sauya sharaɗi daga shekara zuwa shekara, saboda haka sanarwar bana za ki karanta a shafinsu na intanet, ba abin da wani ya turo a WhatsApp ba.

Wani abu da ba a cika faɗa wa sababbin marubuta ba: rabin labarin tallafi a bakin mutane yake yawo kafin ya kai intanet. A Akra akwai Writers Project of Ghana, masu shirya bikin adabi na Pa Gya tare da Goethe-Institut tun 2017. Akwai Library of Africa and the African Diaspora da Sylvia Arthur ta kafa, inda ake saukar marubuta su zauna su yi aiki. Akwai ƙungiyar marubuta ta Gana, da ta marubutan Afirka baki ɗaya, PAWA, wadda hedikwatarta ke Akra tun 1989. 'Yan Zango ba mu cika leƙa waɗannan wurare ba, muna ganin na 'yan boko ne. Kuɗin motar zuwa irin wannan taro sau ɗaya ya fi miki amfani a kan wata guda kina lalube a waya. Idan kuma kin tashi buga littafinki da kanki, ki je ɗakin karatu na George Padmore a Akra ki karɓi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, domin littafin da ba shi da ita da wuya a lissafa shi a matsayin bugagge.

Yanzu ƙungiya. A nan maganar takarda ce, kuma ba ta da daɗin ji. Babu gidauniyar kirki da za ta tura kuɗi a Momo ɗin mutum ɗaya, ko da limamin unguwa ne. Hanyar da aka saba ita ce ku yi rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, doka mai lamba 992. Za a nemi daraktoci aƙalla biyu, sakatare, mai binciken kuɗi, tsarin mulki, da katin Gana na kowa. Bayan nan sai lasisin ƙungiya daga sakatariyar ƙungiyoyin sa-kai, wanda kan bi ta ofishin jin daɗin jama'a na asambilinku, wato ƙaramar hukumarku, ku kam Asokore Mampong ke nan, kuma duk shekara ake sabunta shi. Sai asusun banki da sunan ƙungiya, wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu. Kada ku ɗauka rajista kaɗai ta yafe muku haraji, wannan takarda ce daban da ake nema a hukumar haraji ta GRA.

Ga gargaɗi: rajista tana da ɗawainiyar da ba ta ƙarewa. Kowace shekara akwai rahoto, akwai kuɗin mai bincike, akwai sabuntawa. Ƙungiyar da ta yi rajista ta yi shekaru ba ta miƙa komai ba ta fi wadda ba ta yi ba shiga matsala, don tara na taruwa a kanta. Idan kun san ba za ku iya ɗauka yanzu ba, ku nemi wata ƙungiya mai rajista da kuka yarda da ita ku shiga ƙarƙashinta. Ita za ta karɓi kuɗin a asusunta, ku ku yi aikin, ta cire ɗan kaso na kula da lissafi. Masu ba da tallafi da yawa sun san wannan tsari sun kuma amince da shi. Sai dai a rubuta yarjejeniya, a faɗi kason, a faɗi wanda ke da kayan da aka saya idan aiki ya ƙare. Zumunci da yawa ya lalace a Zango a kan kwamfuta biyu da injin ba da wuta.

Game da daraktoci, kada ku cika su da 'yan gida ɗaya, kada kuma ku ɗora babban mutum don sunansa alhali ba zai zo taro ba. Ku sa dattawa a matsayin iyayen ƙungiya, a girmama su a nemi albarkarsu, amma masu sa hannu su zama waɗanda za a iya tambayarsu rasit ba tare da an ji nauyi ba.

Kuɗin farko kusan kullum na gida ne. Mai dubawa a waje yana son ya ga wani ya taɓa ba ku amana kun riƙe, ko sidi 2,000 ne. 'Yan kasuwar Kejetia da Alabar, masu shanu, 'yan'uwanmu da ke Bronx da Hambug, jama'ar masallacin Juma'a, duk waɗannan masu tallafi ne, sai dai ba mu saba ba su rasit da rahoto ba. Ku fara. Littafi ɗaya na shiga da fita, takarda ɗaya duk wata uku mai faɗin abin da aka samu da abin da aka yi da shi, a karanta a gaban iyayen yara. Shekara ɗaya kuna haka kun mallaki abin da ƙungiyoyi masu ofis da allon suna ba su da shi.

Ta ɓangaren gwamnati, dokar Asusun Raya Zango, mai lamba 964 ta 2017, ta ambaci ilimi da al'adu da fasaha cikin ayyukan asusun. Abin da aka fi gani a ƙasa shi ne ajujuwa, filayen ƙwallo da fitilun titi, amma tunda doka ta ambata, kuna da hujjar rubuta musu, ku haɗa da wasiƙar Sarkin Zango da ta ɗan asambilin unguwa. Dokar masana'antar fasaha ta 2020 ma ta tanadi asusu. Ku nema, amma kada ku ɗora shirin shekararku a kan kuɗin gwamnati, lokacinsa ba a hannunku yake ba. Abin da asambili ta fi iya bayarwa ba kuɗi ba ne: ɗaki, kujeru, ma'aikaci. Ku je Nima ku ga ɗakunan karatun yara na Osu Children's Library Fund, aikin da Kathy Knowles 'yar Kanada ta fara a 1990 da karanta wa yaran maƙwabta littafi a gidanta. Abin da ya raya su shi ne rabon nauyi, masu taimako suka yi gini suka kawo littattafai, hukumar birni ta ɗauki albashin ma'aikata. Littattafai kuma ba sai kun saya duka ba. Book Aid International tana turo su ta hannun hukumar ɗakunan karatu ta Gana, shafin African Storybook kuma yana da labaran yara da Hausa da aka yarda kowa ya sauke ya buga.

Ƙungiyoyin agaji na Musulunci, na gida da na ƙasashen Larabawa, sun fi karkata ga masallaci, rijiya, marayu da kuɗin makaranta. Idan za ku je musu, ku je da maganar yaron da ya kai aji huɗu bai iya karanta sunansa ba, wannan za su ji. Maganar buga gajerun labarai ba tasu ba ce. Idan shugabancin ƙungiyarku a hannun mata yake kuma aikin ya shafi 'yancin mata da 'yan mata, African Women's Development Fund tana nan Akra. STAR-Ghana Foundation ta fi kula da shugabanci na gari da muryar talaka, cibiyar WACSI ta ƙungiyoyin sa-kai na Afirka ta Yamma kuma horo take bayarwa a kan tafiyar da ƙungiya, wanda a matakinku zai iya fin kuɗi amfani.

Ofisoshin jakadanci suna da ƙananan asusu. Na Japan yana gina ajujuwa da ɗakunan shan magani, amma yana son ƙungiya mai tarihin aiki da takardun fili, ba a gini a ɗakin aro. Kanada da Ostireliya ma suna da nasu na ƙananan ayyuka. Tun da aka rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a 2025, manyan ƙungiyoyin da a da ba sa kallon irin wannan kuɗi sun sauko suna nema, saboda haka layin ya ƙara tsawo. Asusun UNESCO na bambancin al'adu yana kai dala 100,000, za ki ji ana ta ambatonsa, amma don gyara tsari da manufofin masana'antar al'adu aka yi shi, ba don buga littafi ko shirya biki ba. Ku wuce shi tukuna.

Sai akwatin. A ganina shi ne abu mafi daraja da kuka ambata, kuma shi ne kuka sa a ƙarshe. Rubutu a Kumasi tsoho ne. Tun zamanin Asantehene Osei Bonsu, sarkin Asante, a farkon ƙarni na 19, akwai malamai Musulmi a fada suna rubuta wasiƙu da layu, har yau akwai tarin takardun Larabci na Kumasi na wancan lokaci a ɗakin karatu na sarauta a Danmak. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara da talauci da wadata, almajiransa kuma sun bazu a Zangunan ƙasar nan suna kwafa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta bi gari-gari tana ɗaukar kwafin irin waɗannan takardu. Abin da ta samu somin-taɓi ne, sauran suna cikin akwatuna irin na abokinku, a ƙarƙashin gado, damina na cin su.

Akwai kuɗin da aka ware musamman don wannan. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na British Library, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyi tun 2004, yana ba da har fam 15,000 don aikin gwaji, wato a zagaya a gano abin da ke akwai a ɗauki hoton wani ɓangare, da har fam 60,000 don babban aiki. Takardun asali ba sa barin ƙasa, hoto ake ɗauka, a ajiye kwafi a wata cibiya ta gida, a sa wani a intanet kowa ya gani kyauta. Jami'ar UCLA a Amurka tana da makamancinsa don kayan ƙarni na 20 zuwa yau, nan ne tsofaffin hotuna da kaset-kaset na wa'azi da waƙoƙin biki za su shiga. Irin wannan kuɗi ta hannun jami'a ko gidan adana tarihi yake bi, don haka ku nemi malami a jami'ar Legon ko ta KNUST da ke Kumasi, ko ku je gidan adana tarihi na Manhyia, fadar Asantehene, ko ofishin Kumasi na PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati. Kada ku je kamar masu roƙo. Malamin jami'a yana da takardar shaida da asusu, amma ba shi da wanda zai buɗe masa ƙofar gidan malam, sau da yawa kuma ba ya iya karanta Hausar ajami. Ku ne ke da wannan. Ku nemi a sa sunanku a takardar nema a matsayin abokan aiki, da albashin masu ɗaukar hoto da masu karantawa, da horo, ba godiya a ƙasan shafi ba.

Akwati ɗaya ba ya yin aiki, sai kun zagaya gidajen malamai a Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Yelwa kun rubuta wa ke da me. Kuma tun farko ku gaya wa masu takardu gaskiya cewa hoton zai hau intanet. A cikin kowane irin wannan tari akwai fiƙihu da waƙa da wasiƙa, akwai kuma laƙani da asirin gida da magada ba za su so duniya ta gani ba. Haƙƙinsu ne su ware. Wanda aka ɓoye wa wannan ya gano daga baya, ya rufe muku ƙofar unguwa gaba ɗaya. Kafin kuɗi ya zo kuwa: kada a manna salatif, kada a rufe da roba mai zafi, kada a sake jera warƙoƙin don a gyara, a bar su yadda aka same su cikin tadarishi da gafakarsu, a ɗaga akwatin daga ƙasa a raba shi da bango mai danshi.

Wata ƙofar da Hausa ke buɗewa ita ce Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia. Gidauniyar tana da ƙaramin tallafi na dala 500 zuwa 5,000 ga mutum ko ƙungiya, don horo da taron rubuta maƙaloli da ɗaukar hotuna. 'Yan'uwanmu Dagomba a Tamale sun bi wannan hanya har Wikipedia ta Dagbani ta tsaya da ƙafarta a 2021. Wikipedia ta Hausa tana nan, kuma mafi yawan masu rubuta ta 'yan Najeriya ne, tarihin Zangunan Gana yana jiran masu shi. Sai dai suna duba ko kun riga kun fara rubutu a shafin kafin ku nemi kuɗi.

Ita kanta takardar nema, abin da ke kashe ta shi ne kuka da faɗin baki. "Zango na fama da talauci da jahilci, muna son mu wayar da kan matasa." Mai dubawa ya karanta irin wannan har ya gaji, kuma mu kanmu zubar mana da mutunci yake. Ku rubuta abin da za a iya zuwa a ƙirga. Misali: yara 40 'yan aji biyu zuwa huɗu, kwana uku a mako, wata tara, malamai huɗu. Ku gwada kowane yaro a ranar farko, wa ya san baƙi, wa ke haɗa kalma, wa ke karanta sakin layi, wa ke karanta labari ya faɗi abin da ya fahimta, ku sake gwadawa a ƙarshe. Wannan gwaji ba ya cin ko pesewa, kuma ku fara shi gobe, kada ku jira tallafi. Tunda da yara kuke aiki za a tambaye ku rubutacciyar ƙa'idar kare su: babba ba ya keɓewa da yaro, ba duka, ba a sa hoton yaro a Facebook sai da yardar iyaye.

A kasafi ku sa farashin gaskiya, ku karɓo takardar farashi daga masu sayarwa. Ku rubuta gudunmawarku ma, ɗakin aro da lokacin malamai duk suna da kima. Ku lura da canji sosai. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14, wanda ya yi kasafi da sidi ya ga kuɗinsa ya narke. A 2025 kuma abin ya juya, ta sauko daga wajen 15 zuwa 10 da ɗoriya cikin 'yan watanni, wanda aka yi wa alkawari da dala ya karɓi sidin da bai kai lissafinsa ba. Ku rubuta farashin canjin da kuka yi amfani da shi da ranarsa, ku tambaya tun kafin sa hannu wa zai ɗauki giɓin. Kuɗin da aka bayar don littattafai kuma ba a taɓa shi don rasuwa ko suna, ko da niyyar mayarwa. Idan buƙata ta sauya, a rubuta a nemi izini kafin a kashe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, rahoto da rasit su ne askin.

Turanci zai zame muku dole a yawancin takardun nan. Ku fara tsara tunanin da Hausa a tsakaninku har kowa ya iya faɗinsa a jimla uku, sannan a juya. Idan za ku ɗauki mai rubuta muku, ku biya shi ladan aikinsa a yanke, kada ku yarda da mai cewa a ba shi kaso idan kuɗi ya fito, domin babu layin da za ku sa wannan a kasafi, ƙarshenta sai an yi ƙaryar rasit. Duk wanda kuma ya ce kun ci tallafin da ba ku nema ba, ko ku tura kuɗin fom ta Momo kafin a saki kuɗi, ɗan damfara ne, ko da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya liƙa.

Da ni ce a wurinku, wata shida na farko ba zan nemi kuɗin waje don ƙungiya ba. Zan buɗe littafin lissafi, in gwada yara, in nemo ƙungiyar da za mu shiga ƙarƙashinta ko mu fara tara kuɗin rajista, in sa mutum biyu su fara zagayen gidajen malamai da littafi da biro. Ke kuma ki zaɓi labari biyu cikin naki, ɗaya ki ba wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya duba miki shi don Hikayata, ɗayan ki ba mai fassara tun yanzu, don ya kasance a hannunki kafin Satumba.